GEORGE COTZIAS (1918-1977): LIKITAN DA YA KWANCE WA MASU CUTAR KARKARWA DABAIBAYI

Gabatarwa

Duk wanda ya kalli bikin buɗe wasannin Olamfik na birnin Atlanta a shekarar 1996, ko ya ga hotunan bikin daga baya, ba zai manta yadda shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali ya ɗaga wutar wasannin hannunsa yana ta karkarwa ba. Abin da ke damunsa shi ne cutar da likitoci ke kira cutar Parkinson, wadda aka tabbatar yana da ita tun 1984. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum fiye da miliyan takwas da rabi ne ke fama da ita a faɗin duniya. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Sai dai akwai wata ƙwaya mai suna lebodofa wadda kan mayar wa majinyaci da tafiyarsa da maganarsa da aikin hannunsa na tsawon shekaru, kuma fiye da shekara 50 ke nan ba a sami wadda ta sha gabanta ba.

Wannan maƙala za ta kawo tarihin mutumin da ya nuna wa duniya yadda za a ci moriyar wannan magani, wato George Cotzias, wani likita ɗan ƙasar Girka wanda yaƙi ya kora zuwa Amurka. Ba shi ya ƙirƙiro maganin ba, ba kuma shi ya fara gwada shi ba. Manyan masana da yawa sun riga shi gwadawa, sun ga abin bai taka kara ya karya ba, sun ajiye. Yadda aka yi shi ya dace a inda wasu suka fid da rai, shi ne abin da za mu bi diddiginsa.

Wace Cuta Ce Wannan?

Wani likitan birnin Landan mai suna James Parkinson ne ya fara bayyana cutar dalla-dalla a shekarar 1817, bayan ya lura da mutum shida, waɗansunsu ma a kan titi kawai ya gan su. Daga baya babban malamin likitancin jijiyoyi na Faransa, Jean-Martin Charcot, ya laƙaba wa cutar sunansa. Alamominta manya su ne karkarwar hannu ko ƙafa yayin da mutum yake zaune ba ya komai, da sandarewar gaɓoɓi, da nauyin jiki wajen fara motsi. Majinyaci yakan riƙa tafiya a duƙe da gajerun taku, muryarsa ta yi ƙasa, rubutunsa ya ƙanƙance, fuskarsa ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai. Sau da yawa hankalinsa yana nan garau, yana sane da abin da yake son yi, amma jiki ya ƙi ba shi haɗin kai. In tafiya ta yi nisa, sai an ɗaga shi, an ciyar da shi, an juya shi a kan gado.

Tsawon shekara 150 likitoci ba su da wani abin kirki da za su ba irin waɗannan mutane. Akwai magungunan da aka samo daga tsirrai dangin zaƙami, da waɗanda aka haɗa daga baya masu irin aikinsu. Suna ɗan rage karkarwa, amma suna busar da baki, su dushe gani, su rikita tsofaffi. A shekarun 1950 kuma aka shiga yin tiyatar ƙwaƙwalwa ana lalata wani ɗan gurbi don a tsayar da karkarwar. Ita ma tiyatar ba ta magance nauyin jikin ba, wanda shi ne ya fi kassara mutane.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi George Constantin Cotzias ranar 16 ga watan Yuni na 1918 a garin Chania da ke tsibirin Kirit na ƙasar Girka. Ya tashi a Atina, babban birnin ƙasar, a gidan siyasa da wadata. Mahaifinsa, Konstantinos Kotzias, an zaɓe shi magajin garin Atina a 1934, daga bisani kuma ya zama ministan da ke kula da babban birnin. George ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Atina, kuma da abubuwa sun tafi yadda aka tsara, da ya gama ya zama likita a garinsu cikin rufin asiri.

Ana wata sai ga wata. Ranar 28 ga Oktoban 1940 sojojin Italiya suka auka wa Girka ta kan iyakar Albaniya. Cotzias, wanda ya kusa kammala karatu, ya ajiye littafi ya shiga soja, aka tura shi fagen daga yana taimakon masu yi wa waɗanda suka ji rauni aiki. Girkawa sun kora Italiyawa baya, amma a watan Afrilun 1941 Jamus ta kawo wa ƙawarta ɗauki, kafin ƙarshen watan Atina ta faɗa hannun sojojin Hitila. Iyalin Kotzias suka bar ƙasar, suka sha doguwar tafiya, suka isa birnin New York a cikin shekarar. George yana da shekara 23, ba takardar shaidar kammala karatu, ba dukiya, Turancin Ingilishinsa kuma bai kai ya kawo ba.

Harshe Ya Rufe Ƙofa, Harshe Ya Buɗe

Ya nemi gurbin ƙarasa karatu a makarantun likitanci da dama, duk suka ƙi shi. Cikin dalilan da aka ba shi akwai raunin Ingilishinsa da kuma ganin cewa bai ƙoshi da darussan kimiyya na tushe ba. Jami'ar Cornell tana cikin waɗanda suka mayar da shi. Maimakon ya sassauta buri, sai ya nufi Harvard, wadda ta fi waɗancan tsananin zaɓe.

A can aka haɗa shi da wani babban farfesa mai suna Soma Weiss don ya gwada shi. Shi ma Weiss baƙo ne, daga ƙasar Hangari ya zo Amurka yana saurayi, saboda haka ya san halin wanda ke da ilimi a kai amma harshe ya ɗaure masa baki. Da ya lura Ingilishi yana ba yaron wahala, sai suka koma Jamusanci, harshen da dukansu biyu suke ji. Nan take ilimin da ke ɓoye ya fito fili. Weiss ya ba da shawarar a ɗauke shi a aji uku. Bai rayu ya ga sakamakon alherinsa ba, domin ya rasu a farkon 1942, amma ɗalibin bai ba shi kunya ba: a 1943 Cotzias ya kammala Harvard da lambar yabo. Ɗaliban harshe sun fi kowa fahimtar abin da ya faru a wannan ganawa. Makarantu da dama sun auna harshen yaron sun ɗauka iliminsa suka auna, mutum ɗaya ne ya rarrabe tsakanin biyun.

Daga nan ya yi aikin sanin makama a manyan asibitocin birnin Boston, ya ƙware a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Babban Asibitin Massachusetts. Sai ya koma New York, Cibiyar Bincike ta Rockefeller, inda ya yi aiki a ƙarƙashin Donald Van Slyke, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ilimin auna sinadaran jini don gane cuta. Ya kuma yi aiki da Vincent Dole a kan hawan jini da yadda jiki ke sarrafa wasu sinadarai dangin dofamin. A wannan gida ya koyi ɗabi'ar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, wato a kwantar da majinyata kaɗan a ɗakin bincike, a auna abin da suka ci da abin da suka fitar, a zuba musu ido makonni da watanni ba gajiyawa.

Daga Manganis Zuwa Ƙwaƙwalwa

A farkon shekarun 1950 Cotzias ya koma Cibiyar Bincike ta Ƙasa da ke Brookhaven a tsibirin Long Island. An kafa ta a 1947 don binciken makamashin nukiliya ta hanyar zaman lafiya, kuma tana da ɗan ƙaramin asibiti na bincike. A nan ana iya samar da ƙarafa masu fitar da tururin nukiliya, waɗanda na'ura ke iya bin sawunsu a cikin jiki. Cotzias ya zaɓi wani ƙarfe mai suna manganis, wanda jikin ɗan'adam ke buƙata ɗan mitsitsi. Ya shafe shekaru yana bin hanyarsa: yadda yake barin jini da sauri, ya taru a hanta, ya fita ta ruwan matsarmama. Wanda ya gan shi a lokacin ba zai ce wannan aiki yana da wata alaƙa da masu karkarwa ba.

Alaƙar ta fito ne daga ƙasar Chile ta Kudancin Amurka. Tun 1837 wani likita a Sikotilan, John Couper, ya lura cewa masu niƙa dutsen manganis suna kamuwa da wata irin nakasa. A Chile masu haƙar ma'adinin da ke shaƙar ƙurarsa sukan fara da wani irin taɓin hankali na ɗan lokaci, daga baya jikinsu ya sandare, tafiya ta gagara, kamar dai masu cutar Parkinson. Cotzias ya haɗa hannu da wani likitan ƙasar mai suna Ismael Mena suka binciki waɗannan leburori. Abin da suka gano ya ba da mamaki: masu lafiya da ke kan aiki a ramin sun fi waɗanda suka nakasa suka bar aiki yawan manganis a jiki. Ashe ƙarfen yakan yi ɓarnarsa a ƙwaƙwalwa ya fice, ɓarnar kuma ta zauna. Ke nan ba wanke ƙarfen daga jiki ne zai taimaki waɗannan bayin Allah ba, sai an nemo abin da ya lalace an gyara ko an cike gurbinsa.

A can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhu, wanda sunansa na Latin ke nufin baƙin abu. Mu kira shi baƙin gurbi. Tun 1919 wani mai bincike a Faris, Konstantin Tretiakoff, ya nuna cewa a masu cutar Parkinson wannan gurbi yakan koɗe ya rasa baƙinsa. Baƙin kuwa daga wani launi yake mai suna melanin, ɗan'uwan wanda ke ba fatar mutum duhu. Cotzias ya lura cewa manganis yana taruwa a sassan jiki masu melanin. Sai ya yi tunanin cewa watakila rashin wannan launi ne tushen cutar, in aka mayar da shi majinyaci zai sami sauƙi.

Halin da Ya Tarar da Magani

Kafin mu ga abin da ya yi da wannan tunani, ya kamata mai karatu ya san inda aka kwana game da sinadarin da ake kira dofa. A 1913 wani masani a Suwizalan, Markus Guggenheim, ya tace shi daga wani nau'in wake mai faɗi. Ya sha giram biyu da rabi don ya ga aikinsa, sai amai ya turnuƙe shi. Aka ɗauka abu ne marar amfani. A 1957 Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya ba zomaye wani magani da ya sa suka kwanta ba motsi, sannan ya yi musu allurar dofa, sai ga su sun miƙe suna tsalle. Ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tana juya dofa ya zama dofamin, kuma dofamin manzo ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna don sarrafa motsi. A 1960, a birnin Biyana na Ostiriya, Oleh Hornykiewicz da Herbert Ehringer suka auna ƙwaƙwalen mamata, suka tarar dofamin ya yi ƙaranci ƙwarai a waɗanda suka yi fama da cutar Parkinson.

To, me zai hana a ba majinyaci dofamin kai tsaye? Dalili shi ne akwai wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda dofamin ba ya iya ƙetarewa, amma dofa yana iyawa. Saboda haka a 1961 Hornykiewicz da likita Walther Birkmayer suka yi wa majinyata allurar dofa ta jijiya, daga miligiram 50 zuwa 150. Waɗanda ba sa iya tashi suka tashi suka yi tafiya, sai dai bayan 'yan sa'o'i abin ya gushe. André Barbeau a Kanada ya gwada ta baki ya ga ɗan sauƙi na ɗan lokaci. Waɗanda suka biyo baya kuwa sakamakonsu ya yi ta karo da juna. In an ba da kaɗan, ba ya aiki sosai. In an ƙara, amai da jiri su hana. A 1966 wani gwaji da aka yi a Suwidin ya kasa nuna bambanci tsakanin allurar dofa da ta ruwan gishiri. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 yawancin likitocin jijiyoyi sun yanke cewa dofa ba zai zama magani ba.

Gwajin da Ya Sauya Komai

A wannan yanayi Cotzias ya shigo da nasa tunanin na mayar da baƙin launi. Da farko ya ba majinyata wani sinadarin jiki da ke ƙara yawan melanin. Fatarsu ta yi duhu, amma karkarwar ta ƙaru. Ya gwada wani sinadarin da jiki ke gina melanin da shi, nan ma ba biyan buƙata. Sai ya juya ga dofa, domin shi ma yana cikin kayan da jiki ke haɗa melanin da su. Wato dai dalilin da ya kai shi ga dofa daban yake da na mutanen Biyana, kuma daga baya ta tabbata cewa su ne suka fi shi gaskiya: dofamin ne ya yi ƙaranci, baƙin launin da ke gushewa alama ce kawai ta mutuwar ƙwayoyin da ke samar da shi.

Inda ya sha bamban da kowa shi ne yadda ya ba da maganin. Ya san daga aikinsa na baya cewa jiki yana iya sabawa da abu in aka shigar masa da shi a hankali. Sai ya kwantar da majinyatansa a asibitin Brookhaven, ya fara ba su ɗan kaɗan ta baki, a rarrabe cikin yini. Bayan 'yan kwanaki ya ƙara kaɗan. In tashin zuciya ya taso ya dakata, in ya lafa ya ci gaba. A haka, mako bayan mako, ciki ya saba, har ya kai waɗansu ga shan giram 16 a rana, adadin da ya ninka allurar Biyana fiye da sau ɗari. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Sai da aka kai giram da yawa a rana sannan abin da ake nema ya bayyana, kuma ya zauna. Mutanen da aka kawo a keken marasa lafiya suka miƙe da ƙafafunsu, masu raɗa suka ɗaga murya, waɗanda ake ba abinci a baki suka riƙe cokali. Don ya kawar da shakka, yakan musanya maganin da ƙwayar da ba komai a cikinta ba tare da majinyaci ya sani ba, sai cutar ta dawo. A mayar da maganin, ta sake lafawa.

A watan Fabrairun 1967 ya buga sakamakon a mujallar likitanci ta New England tare da abokan aikinsa Melvin Van Woert da Lewis Schiffer. Cikin majinyata 16, takwas sun sami sauƙi mai yawa kuma mai ɗorewa. Bai ɓoye matsalar da ta taso ba: a huɗu daga cikinsu fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki sun ragu. Shi dofa iri biyu ne masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, kuma gaurayen biyun ya yi amfani da shi. Sai ya koma ga na hagun zalla, wanda shi ne lebodofa, ko da yake ya fi tsada a lokacin. Matsalar jinin ta kau, adadin da ake buƙata kuma ya ragu da kusan rabi. A 1969, tare da Paul Papavasiliou da Rosemary Gellene, ya kawo rahoton majinyata 28 da suka sha lebodofa, waɗansu har kusan shekara biyu. Dukansu sun sami sauƙi, 20 daga cikinsu sauƙi mai yawan gaske.

Ba kowa ya gaskata shi da farko ba, domin an sha jin irin wannan albishir a baya. Amma ya ɗauki majinyatansa a fim kafin magani da bayansa, gani kuwa ya kori ji. A cikin shekarar 1969 Melvin Yahr da abokan aikinsa na Jami'ar Columbia suka tabbatar da sakamakon ta hanyar gwajin da likita da majinyaci duk ba su san wa ke shan magani wa ke shan ƙwayar banza ba. A shekarar ce aka ba Cotzias lambar yabo ta Lasker, ɗaya daga cikin mafiya daraja a fagen likitanci a Amurka, a 1970 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da lebodofa. A dai 1969 ne likita Oliver Sacks ya ba da maganin ga wasu majinyata a New York da suka shafe shekaru da dama a sandare sakamakon wata annobar kumburin ƙwaƙwalwa. Labarinsu ne ya zama littafin Awakenings a 1973, aka kuma mayar da shi fim a 1990.

Bayan Nasara

Cotzias bai tsaya cin yabo ba, domin shi ya fara ganin aibin maganin nasa. A rahotonsa na 1969 ya bayyana cewa majinyata da yawa sukan fara wasu irin motse-motse ba da son ransu ba, kai ya riƙa kaɗawa, baki ya riƙa taunar iska, hannu da ƙafa su riƙa murɗawa. Da shekaru suka tura aka kuma ga cewa aikin ƙwayar yakan riƙa yankewa, mutum yana tafiya lafiya lau sai ya daskare kamar an kashe fitila. Dalili shi ne maganin yana cike gurbin dofamin ne kawai, ƙwayoyin baƙin gurbi kuwa suna ci gaba da mutuwa.

Sauran shekarunsa ya ƙarar da su wajen rage waɗannan matsaloli. Mafi yawan lebodofa da mutum ya sha yakan juye ya zama dofamin tun a hanji da jini, kafin ya isa ƙwaƙwalwa, wannan ne ma ke jawo aman. Ƙungiyarsa tana cikin waɗanda suka gwada haɗa shi da wani sinadari mai suna kabidofa, wanda ke tsare shi a hanya har ya ƙetare shingen. Da wannan haɗi adadin da ake sha ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu, aman ma ya yi sauƙi. An fito da haɗin kasuwa a Amurka a 1975 da sunan Sinemet. A 1970 ya farfaɗo da binciken wani tsohon magani mai suna afomofin, wanda ke kwaikwayon aikin dofamin, ya buɗe hanya ga wani sabon jerin magunguna. A 1975 kuma shi da Mena suka nuna cewa abinci mai yawan furotin, irin su nama da ƙwai, yana gasa da lebodofa wajen shiga jiki. Shi ya sa har gobe likitoci ke ba majinyata shawara a kan tazarar da za su bari tsakanin ƙwaya da cin abinci.

A 1973 aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Ƙasar Amurka. A tsakiyar shekarun 1970 ya bar Brookhaven ya koma birnin New York, ya zama farfesan likitancin jijiyoyi a Cornell, jami'ar da ta mayar da shi shekara 30 da 'yan kai da suka wuce, yana kuma aiki da cibiyar cutar daji ta Sloan-Kettering.

Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Cotzias mutum ne mai yawan shan taba, kuma ciwon dajin huhu ya kama shi. Ya ci gaba da aiki da ciwon a jikinsa har ya rasu a New York ranar 13 ga Yunin 1977, saura kwana uku ya cika shekara 59. A shekarar 2000 aka ba Arvid Carlsson kyautar Nobel saboda aikinsa a kan dofamin, tare da wasu masana biyu. Ba a ba mamaci wannan kyauta, saboda haka ba a yi maganar Cotzias ba, Hornykiewicz kuwa da yake raye aka tsallake shi, abin da ya sa masana fiye da 200 suka rubuta takardar nuna rashin jin daɗi. Wannan ya isa ya nuna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: wani ya gano manzon, wani ya gano inda ya ɓace, wani kuma ya gano yadda za a mayar da shi. Ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Amurka tana da lacca ta musamman da ake gabatarwa da sunan Cotzias.

A yau haɗin lebodofa da kabidofa yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya, samunsa a kai a kai yana da wuya, farashinsa kuma ya fi ƙarfin talaka, alhali magani ne na kullum har ƙarshen rai. Wannan ya sa masu bincike suka waiwayi wata shuka da manoman ƙasar Hausa suka sani sarai saboda ƙaiƙayinta, wato ƙarara. Tun 1937 masana a Indiya suka gano cewa 'ya'yanta suna ɗauke da lebodofa, kuma an yi gwaje-gwaje a kan garinsu a matsayin madadi mai sauƙin kuɗi. Sai dai yawan sinadarin yana bambanta daga iri zuwa iri, ga shi kuma tarihin da muka karanta ya nuna cewa a wannan magani ma'auni shi ne komai. Ba abu ne da mutum zai daka ya sha da kansa ba tare da likita ba.

Kammalawa

Cotzias ya shiga bincikensa da hasashen da bai zama daidai ba, amma ya fita da maganin da ya tayar da miliyoyin mutane. Abin da ya cece shi shi ne bai rufe ido ga abin da yake gani a jikin majinyatansa ba. Da sinadarin ƙara launi ya tsananta cutar, ya ajiye shi. Da gaurayen dofa ya taɓa jini, ya faɗa, ya sauya. Da nasara ta zo da nata aibi, shi ya fara rubuta shi. Maganin da ya gagari wasu cikin sa'o'i, shi ya ba shi makonni da watanni. Ɗalibin da ke fama da wani darasi ko wani harshe da ya ƙi zama a bakinsa, ya tuna cewa mutumin da makarantu da dama suka ce Ingilishinsa bai isa ba, da Ingilishin nan ya rubuta rahoton da ake karantawa har yau a duk inda ake koyar da likitancin ƙwaƙwalwa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.